Ɗiyar Maharbi

Shafi na 9

Masu bina har ta saƙon sirri suna cewa na ajiye Ni'imatu a ƙofar gida da ƙullin kayanta na yi tafiyata, to ga ta nan ta shiga mota, sai ku sarara min. Wanda yau ya fara shigowa kuma, zamanin Turawa muke, a Tambuwal, kaka ta kama. Maccido direban Baturen gandun daji ne, an aike shi Kebbe da duwatsun shata iyaka, ya ce wa matarsa ta shirya su tafi tare ta yi wa ƙanwarsa barkar haihuwa.

*

Sai da suka wuce marinar bayan gari, suka bar rumbunan ƙarshe a baya, sannan Maccido ya ce,

"To ɗago kanki. Babu kowa."

Ni'imatu ta zame mayafin daga fuskarta. Tun daga ƙofar gida take duƙe a kujerar gaba kamar ƙullin kaya, don kada gari ya ɗauka an ga matar aure a gaban motar Bature. Tana ɗagowa iska ta bugi fuskarta, ta ga itatuwa suna gudu suna komawa baya. Ta cafke ƙarfen ƙofa da hannu biyu.

"Malam, rage. Don Allah rage."

"Mi zan rage? Ko giya ta uku ban sa ba."

"Ashe da sauran wata?"

"Da saura."

Ta kalli hannunsa a kan sitiyari. Can ta ce a hankali,

"To sa ta mu gani."

Maccido ya tuntsire da dariya. Shekara biyu da aurensu, ya san halin kayarsa. Tsoronta ba ya daɗewa, son ganin ƙwaƙwaf ke korar shi.

Kitikar, wato motar kayan Baturen, ta yi gurnani ta miƙa. Gonaki dama da hagu, an girbe gero an jingine dammuna, dawa na tsaye da jajayen kawunanta. Wani garken shanu ya ratsa hanya, makiyayin ya ɗaga musu sanda. Ni'imatu ta manta da kanta ta ɗaga masa hannu, sannan ta ji kunya ta rufe baki da mayafi.

"Bature bai ce komi ba da za ka da ni?"

"Mai Lofe? Shina bariki kwance, zazzaɓi ya kada shi. Abin da yac ce kawai, duwatsun ga su isa Kebbe kafin Azahar ta gobe."

"Gobe? To mi ya sa munka yi sammako awa waɗanda anka koro?"

"Akwai abin da nika so ki gani."

Bai ƙara ba. Ita ma ba ta matsa ba, don idonta na da aiki.

Hantsi ya ɗaga lokacin da suka iso wata ƙirya da aka shafa wa farin fenti a gindi. Maccido ya karya kan mota ya bar hanya, ya shiga wani ɗan burtali da ciyawa ta kusa cinyewa.

"Wagga ba hanyar Kebbe ba ta."

"Ke da ba ki taɓa zuwa Kebbe ba, ina kis sani?"

"Na san babu sawun jaki ko guda nan."

"Gandun daji na. Nan muka aiki da Mai Lofe. Kin daɗe kina roƙona, yau ga ki ga shi."

Ta juyo gaba ɗaya ta dube shi, bakinta a buɗe. Tun satin farko na aurensu take masa magiya ya kai ta ta ga daji, yana cewa sai wata rana.

Gamba ta rufe su. Ta fi motar tsawo, tana dukan gilashi tana zubo musu 'ya'yanta a cinya. Ba ka ganin komai sai kore da ruwan ɗorawa. Suka yi ta kutsawa, zabin daji na tashi fir a gabansu.

Sai kawai gambar ta ƙare.

Fili ne shimfiɗe har inda ido ya gaji. Gajeriyar ciyawa, iska na kwantar da ita tana tashe ta, nan da can marke ko farar ƙaya tsaye ita kaɗai. Kuma duk filin motsi yake yi.

"Bareyi," in ji Ni'imatu. "Malam, dibi bareyi. Sun fi ɗari."

"Dibi can bayansu."

"Gwanki. Ga babban namijin can ya tsaya shina kallonmu. Ka ga ƙahon? Wanga ya yi shekara goma."

Ta riga ta durƙusa a kan kujera, rabin jikinta a waje ta taga. Ɗankwalinta ya zame ya koma wuya, ba ta ko sani ba.

Wasu jiminu guda uku suka fito daga bayan wata sabara, suka jera da motar. Maccido ya dube ta ta gefen ido.

"Mu gwada su?"

"Gwada su."

Ya taka totur. Duwatsun siminti na ƙara a baya, kitikar na tsalle a kan kututturen ciyawa, jiminu sun miƙa wuya sun baza fukafukai, ƙafafunsu ba a ko ganinsu. Ni'imatu na dukan ƙofa da tafin hannu tana dariya har da hawaye.

"Ƙara, Direba. Za su ba ka kunya gaban matarka."

Suka ba shi kunyar kuwa. Namijin ya ratsa ta gaban motar kamar da gangan, suka yi yamma suka bar musu ƙura.

"Kaya na sunka yi mata nauyi," in ji Maccido.

"Haka na. Zan faɗa wa mutanen gida kaya na."

Bayan wani ɗan tudu ya taka birki a hankali, ya kashe mota, ya ɗora yatsa a baki. Ta bi inda yake nunawa. Da fari ta ɗauka itatuwa ne. Sai ɗaya daga ciki ta juyo da kai.

Raƙuman dawa biyar, da ɗan ƙarami a tsakiyarsu, suna tsinkar ganyen ƙaya daga can sama. Suka dube su da dogayen gashin idonsu, suka ci gaba da kiwonsu.

Ni'imatu ta ƙura musu ido.

"Sau guda na taɓa ganinsu," ta ce daga baya. "Ina bisa wuyan Baba. Yac ce in yi shiru, in ba haka ba su ɗauke ni su ɗora bisa icce su manta da ni."

Mahaifinta Ɗangiwa maharbi ne da aka sani tun daga Sanyinna har Kebbe. Tana da shekara bakwai, uwarta ta riga ta rasu, ya ajiye ta a Tambuwal wurin ƙanwarsa Goggo Fatsuma ya shiga farautar rani. Bai dawo ba. Goggo ta zaunar da ita ta ce ɓauna ta kashe shi a daji, a can aka binne shi.

Maccido ya buɗe ƙofa. Ya fita ya murɗa ƙarfen tayar da mota, ya dawo ya zauna, ya ƙi haɗa ido da ita.

Ba su yi nisa ba tururi ya fara fita ta gaban motar.

"Tseren ga da jiminu ya sa lagireto ya tafasa," in ji shi. "Akwai tabki gaba kaɗan."

Suka tsaya a bakin tabkin. Gauraki biyu suka tashi suna kuka. Maccido ya buɗe gaban mota yana fifita tururin da hularsa, ita kuwa ta duƙa a kan laka tana karatun sawu.

"Ɓauna sun sha ruwa nan da asuba. Ga gadu. Wanga kuma kura ta, tana ɗingishi."

"Har yanzu ba ki manta ba?"

"Ana mantawa? Bari in ɗauko maka bokiti."

"A'a, bari ni…"

Ta riga ta zagaya baya. Ta kwance igiya ta ɗaga tamfol.

Ta tsaya.

An jera duwatsun iyakar ta gefe da gefe, an gicciya wasu a sama, an bar rami a tsakiya daidai tsawon mutum. A cikin ramin an shimfiɗa tabarma. Ga gorar ruwa, ga sabuwar riga fara a ninke, da hula, da takalmi fade.

Ta ji tsayuwarsa a bayanta.

"Malam."

"Na'am."

"Wanga makwancin wa na?"

Ya kawar da kai.

"Rigar ga ba taka ba ta, ta yi maka tsawo. Jinjirin ƙanwarka kuma bai isa sa fade ba. Wa za ka ɓoye cikin motar Bature?"

"Zauna, Ni'ima."

"Ba ni zama. In wani mugun abu kaka yi cikin dajin ga, ka faɗa mani ina tsaye."

Maccido ya cire hularsa ya mayar. Ya share gumi. Mutumin da ke tuƙa mota cikin garken ɓauna ko gezau, yau ga shi yana neman inda zai ajiye hannunsa.

"Wata fuɗu da sunka wuce, muna awon iyaka, nij ji 'yan gadin daji na zancen wani tsoho. Shi kaɗai shika zaune tsakiyar dajin ga, ba mata ba ɗiya. Ba ya shiga gari. Fulani kawai ka ganinai, su ba shi nono da gishiri ya ba su nama."

"To?"

"Bara wata giwa ta addabi rugagensu, ta tattake wata mata. Tsohon ya harbe ta. Ba shi da lasin. Takarda ta fito daga Sakkwato. Gobe da Azahar, da duwatsun ga sun isa Kebbe, dogarai da 'yan gadi za su shigo su fid da duk wanda ke ciki. Shi kuwa ɗaure shi za a yi."

"Allah sarki. To kai mi ya haɗa ka da shi har za ka sa wuyanka?"

"Na tambayi wani Bafillace sunanai."

Ta dube shi.

"Yac ce su dai Ɗangiwa suka ce mai."

Bokitin da ke hannunta ya faɗi ya gangara har bakin ruwa.

"Ɗangiwa na da yawa a duniya," ta ce. Muryar kamar ba tata ba.

"Haka nic ce ni ma. Shi ya sa satin da ya wuce na koma wurin Bafillacen, nic ce ya siffanta mani shi. Yac ce dogo na, baƙi. Hannunai na hagu babu yatsa biyu."

"Ƙaramin da na kusa da shi," in ji Ni'imatu. "Bindiga ta fashe mai tun ba a haife ni ba."

"Su na."

Sai ga ta zaune a kan laka ba tare da ta san ta zauna ba. Ta dafe kai. Ta ɗago. Ta sake dafewa.

"Wata fuɗu," ta ce. "Wata fuɗu kana cin tuwona, kana kallon idona, ina yi mai sadaka duk Juma'a kana cewa amin."

"Ni'ima…"

"Ka san sau nawa nika mafarkinai?"

"Na sani, ni ka tashe ki in kina kuka." Ya durƙusa a gabanta. "Tsoro nij ji. In faɗa maki, mu zo mu ishe ba shi na ba, in kashe maki uba sau biyu. Sai da nit tabbata."

"Goggo ta sani?"

"Ban sani ba. Ban tambaye ta ba."

"In shina raye, mi ya hana shi dawowa? Shekara goma sha fuɗu, Malam. Tambuwal ba bayan duniya take ba."

"Wanga shi kaɗai zai amsa maki."

Gaurakin nan suka dawo suka sauka a ɗaya gefen tabkin.

"Ka taɓa yi mai magana?"

"Sau guda na hango shi. Da ganin kakin ga da motar ga ya shige gamba awa an haɗiye shi. Ba zai taɓa shiga motar gwamnati don ni ba. Don ke kam, halama ya shiga. In mun fid da shi yau, mu bi ta bayan Kebbe, ƙanwata ta gyara mai ɗaki cikin gida. Ya aske, ya sa riga, gobe su shigo su ishe bukka wayam."

"In anka gane kai na fa?"

"Su karɓe mota, su ba ni ɗaki kusa da nashi gidan yari."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙe zumbur, ta tsinci bokitin, ta shiga ruwa har gwiwa ta ciko shi.

"Ina aka zubawa?"

"Bari ya ƙara hucewa."

"Ya huce haka nan. Nuna mani."

Da kanta ta zuba, rabi a lagireto rabi a ƙafarsa. Kafin ya murɗa motar ta tashi ta riga ta shige ta zauna, tana ɗaure ɗankwali tana kwancewa.

"Da nisa?"

"Kin ga dutsen can? Bayanai akwai wata babbar kuka."

"To tuƙa. Sa ta ukun nan."

Suka miƙa. Wani garken ɓauna na kwance a inuwa daga hagu, baƙi ƙirin, ko kallo ba su ishe ta ba. Dariya take yi, sai ta koma kuka, sai ta sake dariya.

"Zai gane ni? Da yab bar ni haƙorana biyu na gaba babu."

"Zai gane."

"Da ka faɗa mani da na yi mai dambu. Shina son dambun zogale da man shanu. Dibi zanen da nid ɗauro, duk laka. Mi zan fara ce mai? In ce mai Baba ko in fara sallama? Malam, ka ce wani abu mana."

"Ki fara sallama."

"In gaya mai na yi aure?"

"To ni da ke tsaye gefenki, wa za ki ce mai ni na?"

Ta kai masa duka a kafaɗa, tana share ido da bakin mayafi.

Kusa da dutsen ƙasa ta zama duk ramuka da tsakuwa, dole suka ajiye motar a ƙarƙashin wata taura suka taka da ƙafa. Maccido ya nufi dama, ta janyo rigarsa.

"Ba nan ba. Dibi."

Sawun mutum ne a kan rairayi, ba takalmi, babba, ya bi ta tsakanin duwatsu biyu.

"Na yau na," ta ce cikin raɗa. "Ko iska ba ta taɓa shi ba."

Ta wuce gaba tana sauri har tana tuntuɓe, shi yana biye. Suka zagaya dutsen.

Ga kukar, mutum goma ba za su zagaye ta ba. A gindinta 'yar bukka ta ciyawa. An rataye nama a kan raga yana shan hayaƙi. Tukunya a kan murhu, ruwan ciki na motsi. Fatar gwanki a shimfiɗe, da carbi na ƙwallon dabino a kanta.

Babu kowa.

Ni'imatu ta tsaya a bakin filin, ta gyara mayafi.

"Salamu alaikum."

Shiru. Sai kukan kurciya.

"Salamu alaikum, masu gida."

"Kai mai kaki."

Daga bayansu muryar ta fito, a dushe, irin ta wanda ya daɗe bai yi magana da mutane ba.

"Ɗaga hannunka sama. Ka juyo sannu."

Suka juyo tare.

Yana tsaye a kan dutsen da suka zagayo, dogo, baƙi, gemunsa fari fat har ƙirji, warki a ƙugunsa. Doguwar bindiga a kafaɗarsa, bakinta daidai ƙirjin Maccido.

Ni'imatu ta zuba masa ido. Ya tsufa, ya rame, amma tsayuwar nan tasa ce, ƙafa ɗaya gaba, kai a ɗan karkace. Duk abin da ta shirya faɗa a mota ya gudu.

"Baba."

Tsohon ko ƙifta ido bai yi ba.

"Baba, ni ta. Ni'imatu. Ɗiyarka da kab bari Tambuwal wurin Goggo. Wanga mijina na, ba kama ka munka zo yi ba."

Bakin bindigar ya ɗan girgiza, sannan ya koma ya tsaya. Tsohon ya dube ta tun daga kai har ƙafa, ya daɗe yana dubanta.

"Sun iya shiri," ya ce. "Har sun samo mai kama da uwarta."

"Baba, wallahi…"

"Yi mani shiru. Ɗiya guda Allah ya ba ni, kuma ya karɓi abinai. Ƙyanda ta kashe ta ina farauta. Ƙanwata Fatsuma da ƙafarta taz zo har bakin dajin ga tag gaya mani, ta kawo mani ɗan zanenta. Shina cikin bukkar can."

Ni'imatu ta tuno ranar da Goggo ta zaunar da ita. Ta dubi Maccido, shi ma ita yake kallo, hannuwansa a sama.

Tsohon ya ja kunamar bindiga baya. Ƙarar ta fito ƙas, har kurciyar ta yi shiru.

"Zan ƙirga uku. Ki faɗa mani wa ya aiko ki da sunan matacciya, ko ki koma gida babu mai kakin ga."

Ya kwantar da kuncinsa a jikin bindigar.

"Ɗaya."